Wa ke riƙe da ɗakunan gwajin shaida?

Malam, ka ce an fasa shagon ƙaninka a Garwa, jandarmomi sun ɗauki zanen yatsu, har yau shiru, kana tambayar wa ke kula da ɗakunan gwajin. Gwamnati ce. 'Yan sanda na ƙarƙashin DGSN, wato babbar hukumar 'yan sandan Kamaru, jandarmomi kuwa ma'aikatar tsaro, kuɗinsu daga kasafin da majalisa ke amincewa da shi a Yawunde yake fitowa. Manyan kayan aikin ma can suka fi yawa, dole mu na Arewa mu sha jira.

Kar ka ba kowa "kuɗin mai" ba rasit. Kar kuma ku kai wani abu gwaji da kanku, kotu na iya ƙin karɓa. Nemi lambar fayil, lauya ya bi ta ofishin mai gabatar da ƙara, don shi ke sa ido kan binciken.