Ku Tambaya: Majalisar jahar Damagaram, tun zamanin Turawa take?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure a fadarmu ta shayi nan Zango, wani abokina ya dage wai gidan majalisar jaha tun lokacin da Zinder take babban birni ake zama a cikinsa ana yin dokoki. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya gauraya abu biyu ne. Eh, Damagaram ta riƙe hedkwatar Nijar ta mulkin mallaka har 1926 da Faransawa suka kwashe ta zuwa Yamai, amma fa a lokacin ba wata majalisar zaɓaɓɓu, bature ne ke yanke magana a bironsa shi kenan. In wurin shawara mai tarihi yake nema to ya shiga Birni, fadar Sarkin Damagaram, can ne sarki da fadawansa ke zama tun kafin Faransawa su kama garin a 1899.

Ita majalisar jaha yarinya ce ɗanya, sai bayan zaɓen Janairun 2011 kansayen jahohi, wato zaɓaɓɓun ƴan majalisar jaha, suka fara zama. Maganar doka kuwa ina jin ƴan'uwanmu na Kano ne suka ruɗa shi, su can kowace jiha da majalisar dokokinta, mu nan doka daga Yamai take fitowa. Abin da kansaye suka riƙa yi in sun zauna, kafin a rusa majalisar a 2024, shi ne kasafin kuɗin jaha da tsarin raya ta, wane lakwal za a gina, ina za a haƙa rijiya, ga shi jahar ba ƙarama ba ce, daga Magarya da Kance har Tanut da Gure da Taskar, kowa yana jan bargo wajensa kuɗin kuma ba yawa. A lokacin, sarakunan gargajiya da ƴan majalisar ƙasa ma suna da kujera a zauren, su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a.

Kuma kar a haɗa majalisar jaha da ofishin gwamna, mutane da yawa na wannan kuskuren, shi gwamna naɗo shi ake daga Yamai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun jahohi da na garuruwa baki ɗaya. Ka gaya ma abokin naka shayin gobe shi zai saya.