Ku Tambaye Mu: Wace Bindiga Ce Ta Dace da Sabon Shiga a Wasan Harbin Faifai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, kuma kwanakin baya abokan aikina suka ja ni zuwa filin da ake harbin faifan da na'ura ke cillawa sama, wanda ake tsara shi yadda zai kwaikwayi tashin tsuntsaye da gudun zomo. Na je sau uku da bindigar aro, yanzu kuma ina so in mallaki tawa, amma abin da na ware bai wuce fam 1,200 ba. Wani ya ce in sayi sabuwa 'yar Turkiyya, wani kuma ya ce in nemi ta hannu 'yar Italiya. Wace shawara za ku ba ni? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo batun wadda za ka saya, akwai batun takarda, domin a Birtaniya babu dillalin da zai miƙa maka bindiga sai ka nuna masa lasisin mallakarta, wanda rundunar 'yan sandan yankinka ke bayarwa bisa dokar makamai ta 1968. Lasisin yana aiki na shekara 5, ana neman bayani daga likitanka da mutum biyu da za su tsaya maka shaida, sannan jami'i yakan zo gida ya duba akwatin ƙarfen da za ka kulle bindigar a ciki, ya tabbatar an kafe shi da bango. Abin yakan ɗauki watanni, kuma ba asara ba ne, tunda dokar ta yarda ka ci gaba da harbi da ta aro a filayen da 'yan sanda suka amince da su. Ka yi amfani da wannan jiran ka gwada duk irin bindigar da aka yarda ka ɗauka.

Game da siffa, ba na jin akwai ja-in-ja. Ka nemi mai baki biyu wadda bututunta ɗaya ke bisa ɗaya, mai lamba 12, wato wadda faɗin raminta ya kai kusan milimita 18.5. Ita ce za ka gani a hannun mafi yawan mutanen filin, harsashinta ya fi samuwa, kuma idan ka karya ta ka rataya a hannu kowa na ganin babu komai a cikinta, abin da ke kwantar da hankalin na kusa da kai. Sababbin shiga da yawa sukan karkata ga mai lamba 20 saboda rashin nauyinta, alhali bindiga mara nauyi ta fi shurin kafaɗa, kuma ba ta tafiya sumul a bayan faifan. Wadda ta kai kilo 3 da rabi, da bututu mai tsawon inci 30, ta dace da yawancin maza baligai. Inci 28 ma ba laifi ga mai ƙaramin jiki.

A nan ne nake so ka tsaya sosai, domin abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne bindigar ta zauna a jikinka. Wannan bindiga ba irin wadda ake rufe ido ɗaya a daidaita saiti ba ce. Idonka yana kan faifan, wanda faɗinsa milimita 110 ne kacal, wani ma 60, bindigar kuma tana bin idon, don haka dole ne duk lokacin da ka ɗaga ta, kuncinka ya sauka a wuri guda a kan ƙota, idonka ya miƙe daidai da doron bututu. Idan ƙotar ta yi maka tsawo, za ta riƙa kama rigarka a hammata kafin ta isa kafaɗa. Idan ta yi ƙasa da yawa, za ka ɗaga kai don ka ga faifan, ka kuskure shi, ka kuma koma gida da kumburi a kunci kana zargin kanka, alhali laifin na itacen ne. Haka kuma ka gano idon da ya fi rinjaye a wurinka: ka nuna wani abu mai nisa da yatsa idanunka biyu a buɗe, sannan ka rufe su ɗaya bayan ɗaya, idon da yatsan bai gusa ba a cikinsa shi ne shugaba. Mutumin da ke amfani da hannun dama amma idonsa na hagu ke rinjaye yana buƙatar gyara tun farko, kuma malamin harbi zai gane wannan cikin minti kaɗan. Kuɗin darasi biyu ko uku ya fi maka amfani fiye da zanen da aka yi wa jikin ƙarfe.

Yanzu ga gardamar abokanka. Kamfanonin Turkiyya irin su ATA da Yildiz da Kofs suna sayar da sababbi a ƙasa da abin da ka ware, da garanti, kuma ga wanda zai je fili sau ɗaya a wata sun wadatar. Amma da ni ne, ta hannu zan nema daga cikin ukun da aka daɗe ana gwadawa: Beretta 686 Silver Pigeon ta Italiya, ko Browning B525, ko Miroku MK38 ko MK70. Browning ɗin da Miroku 'yan gida ɗaya ne, domin masana'antar Miroku da ke Japan ce ke ƙera wa Browning wannan samfuri. Dalilina shi ne an gina su don su jure harbi dubbai, kowane maƙerin bindiga a Ingila ya san cikinsu, kayan gyaransu ba sa wuyar samu, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ka yi asara mai yawa ba. Sai dai ka lura, samfuri ɗaya yakan zo iri-iri. Ta farauta ba ta da nauyi, wadda aka yi don faifan da ke tashi yana nisantar maharbi kuma an saita ta ta riƙa harbi sama-sama, don haka ka ce wa dillali irin ta wasanka kake so, wadda suke kira Sporter.

Idan ka samu ta hannu, kada ƙyallin mai ya ruɗe ka. Ka cire itacen gaba, ka riƙe bindigar ka girgiza ta a hankali; in ka ji bututun yana motsi a mahaɗarsa, ta saki. Ka ɗaga bututun ka leƙa ta cikinsa wajen haske, ka nemi tsatsa ko lotsawa. Ka duba wuyan ƙota, inda itace ya haɗu da ƙarfe, domin nan ne tsagewa ke ɓuya. Idan mai cok ce da ake kwancewa, wato ɗan zoben da ke matse bakin bututu don ƙwayoyin harsashi su tafi a dunƙule ko a baje, ka tabbata suna fita ba gardama. Cok mai matsin kwata da mai matsin rabi sun ishe ka shekara guda ba tare da ka sake tunaninsu ba. Sannan ka nemi tambarin gwaji, wato alamar da ke nuna an gwada ƙarfin bututun, a ƙarƙashinsa, tunda laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da ingantaccen tambari, kuma ɗaya daga cikin gidajen gwaji biyu na ƙasar yana nan garinku tun 1813. Tambari mai kama da fure yana nuna an gwada ta da harsashin ƙarfe mai ƙarfi, abin da ya ƙara daraja tun da gwamnati ta sanar a 2025 cewa za a daina amfani da harsashin dalma nan da 'yan shekaru.

Kada ka zuba fam 1,200 ɗin duka a kan bindigar. Akwai kuɗin lasisi, da akwatin ajiya, da abin toshe kunne, da tabarau, da jaka. Wanda ke harbin faifai 100 sau biyu a wata zai ƙone harsashi 2,400 a shekara, ban da kuɗin faifan, kuma wannan ne ke cin aljihu a hankali. Ka fara da harsashi mai gram 21 ko 24 maimakon 28, kafaɗarka za ta huta, faifan kuma zai fashe in dai ka same shi. Shiga ƙungiyar CPSA, wadda ke kula da wasan a Ingila tun 1928, yana zuwa da inshora. Kuma lasisin Birtaniya ba ya aiki a Najeriya ko Nijar, saboda haka idan za ka zo ganin gida, bindigar ta zauna a akwatinta a Birmingham.