Tambaya da Amsa: Ƙararrawar Zafin Inji a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux mai ja da ƙafa huɗu wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin Zariya da gonata da ke wajen Giwa, galibi da lodin taki ko na masara. A bazarar da ta wuce tiyon lagireto ya fashe ina cikin tafiya, amma allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba har sai da tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, kuma a ƙarshe gasket ya ƙone. An ba ni shawarar in sa wata ƙararrawa da ke kuka idan inji ya yi zafi. Shin tana da amfani, kuma yaya ake sa ta? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, kuma abin da ya same ka shi ne babban dalilin da ya sa ake ƙera irin wannan na'ura.

Allurar da ke gaban direba tana samun labari ne daga wata sensa, wato ɗan abin auna zafi, da ke nutse cikin ruwan inji. Idan tiyo ya fashe ruwan ya tsiyaye, sensar takan koma tana auna iska ko tururi, saboda haka allura tana iya zama a wurinta alhali ƙarfen injin yana gasuwa. Bayan haka, a motoci da yawa an tsara allurar ta tsaya a tsakiya ko da zafi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, ba ta zabura sai lamari ya yi nisa. Ga shi kuma mai tuƙi a hanyar gona idonsa yana kan ramuka da laka, ba ya iya tsare allura da kallo, amma kunnensa ba zai kasa jin kuka ba.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai wadda ke lura da yawan ruwa, wadda ake dasa tsinkenta a tiyon sama na lagireto, ta yi kuka da zarar ruwa ya ja baya. Akwai kuma wadda ke auna zafin ƙarfen injin kai tsaye, kuma ita nake fifitawa a gare ka, domin ko da ruwa ko babu za ta faɗi gaskiya, sannan sa ta ba ya buƙatar yanka tiyo, wanda kan zama sabuwar kafar yoyo idan aikin bai yi kyau ba. Mai hali yana iya haɗa duka biyun.

Sensar wannan nau'in tana ƙarewa da ɗan zoben ƙarfe mai huda. Ana kwance wani ƙaramin noti da ke jikin top silinda, wato murfin ƙarfen da ke saman inji, kamar wanda ke riƙe da wani maƙali ko na kusa da inda tiyon sama ya fito, a goge wurin tas daga tsatsa da baƙin mai, a ɗora zoben, a mayar da notin a ɗaure. Kada a kuskura a taɓa manyan notunan da ke ɗaure top silinda da gangar inji, domin ɗaurinsu da awo ake yi, kuma a nisanci ɓangaren da salansa ta fito, inda zafi ya zarce na sauran jiki. Wayar ta bi ta robar da sauran wayoyi ke ratsawa zuwa cikin mota, a ɗaɗɗaure ta nesa da fanka da fambel. Wutar kuma a ɗauko ta daga layin da ke kawowa sai an murɗa makulli, a sa mata ƙaramin fiyus, don kada ta kwana tana zuƙe batir. Hilux ɗinka volt 12 ce, amma wasu tsofaffin Land Cruiser masu shan dizal volt 24 ne, don haka masu su su duba kafin su saya. Duk rewayan da ya san aikinsa zai iya wannan haɗi.

Saitin shi ne inda ya kamata ka fi natsuwa. Ruwan lafiyayyen inji yakan yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa kusan 100, amma abin da sensar ƙarfe za ta nuna ya danganta da notin da aka ɗora ta a kai, saboda haka lambar zafin da aka saita a motar wani ba za ta yi maka aiki ba. Ka bari sai an tabbatar komai lafiya, ka yi tafiyarka ta yau da kullum da lodi da tsakar rana, musamman a watan Maris ko Afrilu lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40, ka lura da lamba mafi girma da ta nuna, sannan ka saita kukan da digiri 5 zuwa 8 a samanta. Idan saitin ya yi ƙasa, za ta riƙa kuka babu dalili har ka daina kula ta. Idan ya yi sama, sai ɓarna ta auku sannan ta yi magana.

Ranar da ta yi kuka, ka kashe esi, ka gangara gefen hanya. Idan ka ga ruwa yana zuba ko fambel ya tsinke, kashe injin nan take. Idan babu yoyo kuma fanka tana juyawa, ka bar shi yana aiki a tsaye na ɗan lokaci ka ga ko lambar za ta sauko. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, domin ruwan da ke ciki a matse yake kuma yana iya haura digiri 100, zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu.

Kafin ka sayi na'urar, ina roƙonka ka sa bakanike ya canza sauran tsofaffin tiyo, ya duba murfin lagireto, ya kuma wanke haƙoran lagireton daga ƙurar hunturu da ƙaiƙayin da hanyar gona ke cusawa. Idan an taɓa cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zagayawar ruwa gwargwadon zafin inji, kamar yadda aka saba a garejojinmu, a mayar da sabo, kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla, wanda ke haifar da tsatsa ya toshe hanyoyin ruwa, a koma ga ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan.