Filin Tambaya da Amsa: Na Nemi Ra'ayi, Kowa Ta Ce "Ba Laifi"

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu sana'ar hannu a Runjin Sambo, cikin garin Sakkwato, wadda ta haɗa masu ɗinki da masu saƙa da masu haɗa turare da sabulu. Shugabanninmu sun ce in ji ra'ayin mambobi a kan abu uku: horon da za mu shirya bayan salla, ranar da ta fi dacewa, da batun ƙara kuɗin wata. Ƙanena ya taimaka mini muka haɗa fom a Google Forms mai tambayoyi 28, kuma a yawancinsu na bar fili ne kowa ta rubuta abin da ke ranta, don kada a ce na tsara wa mutane amsa. Na tura shi zaurenmu na WhatsApp mai mambobi fiye da 200, amma 31 kawai suka cike, kuma kusan duk inda na nemi ra'ayi abin da na samu shi ne "ba laifi" ko "Allah ya saka da alheri". Yanzu ban san abin da zan kai wa shugabanni ba. Wace irin tambaya ya kamata in yi amfani da ita?

Daga wata mai karatu, Runjin Sambo

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Niyyarki ta barin kowa ta faɗi ra'ayinta da bakinta niyya ce mai kyau, sai dai kin ɗora wa mambobinki aikin da ya fi ƙarfin lokacinsu. Ki dubi matar da ke zaune gaban keken ɗinki, ga goyo a bayanta, ga tukunya a wuta, sannan a ce ta rubuta amsa sau 28 da babban yatsa a kan waya, wayar kuma tana ta sauya mata kalmomin Hausa zuwa na Turanci. Yawancin irin waɗannan mata saƙon murya suke turawa ko da gaisuwa za su yi. Waɗanda suka daure suka kai ƙarshe kuma sun ba ki amsar da tarbiyya ta koya musu, domin a wurinmu wanda aka tambaya yadda ya ga aikin shugabanninsa, kuma ya san za a ga sunansa, kara ba za ta bar shi ya wuce "ba laifi" ba.

Shawarata ita ce ki ajiye wayar tukuna, ki ɗauki takarda ki rubuta hukuncin da shugabanni za su yanke idan amsoshi sun zo. Kin ambaci guda uku, kuma kowannensu yana da irin tambayar da ta dace da shi. Duk tambayar da amsarta ba za ta sauya ɗaya daga cikin ukun nan ba, ki cire ta ko da tana da daɗin ji. Ina kyautata zaton idan kika yi wannan tankaɗe, abin da zai rage ba zai wuce takwas ko goma ba.

Mu fara da horo. A fom akwai tambayoyin zaɓi iri biyu da mutane kan rikita su: mai ɗan da'ira, wadda ake zaɓar amsa ɗaya tak, da mai ɗan akwati, wadda ake iya latsa amsoshi da yawa. Idan kika jera horo shida kika sa akwati, kusan kowa za ta latsa duka shidan, tunda ba wanda ke ƙin ilimin da za a ba shi kyauta, sai ki wayi gari da jadawalin da komai ya yi kunnen doki. A nan mai da'ira ta dace, kuma ki rubuta ta yadda za ta tilasta zaɓi: "Idan horo ɗaya kawai ƙungiya za ta iya shiryawa bana, wanne kike so?" In kina son sanin na biyu, ki sake wata tambayar a ƙasa. Kada ki ce su jera shidan daga na ɗaya zuwa na shida, domin mutum ya san abin da ya fi so, amma bambancin na huɗu da na biyar cika fili kawai zai yi.

Batun rana kuwa akasin haka ne. Abin da shugabanni ke bukata shi ne ranar da mafi yawan mata za su samu fitowa, don haka akwati ya dace: "Latsa duk ranakun da za ki iya zuwa." Mai yiwuwa rabi su fi son Asabar, rabi su fi son Lahadi, alhali kusan dukkansu suna da sarari ranar Alhamis da hantsi, kuma tambaya mai amsa ɗaya ba za ta taɓa nuna miki haka ba. Ki raba rana da lokaci, ki kuma faɗi lokacin yadda ake faɗinsa a gida, wato da hantsi, bayan azahar, bayan la'asar.

Tsoron da kika ji na tsara wa mutane amsa yana da tushe, kuma bai kamata in wuce shi ba. Bayan zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2008, cibiyar bincike ta Pew ta tambayi masu zaɓe batun da ya fi tasiri a kan ƙuri'arsu. Cikin waɗanda aka karanta wa jerin amsoshi, kashi 58 cikin 100 sun zaɓi tattalin arziki, amma cikin waɗanda aka bari su faɗa da kansu, kashi 35 ne kawai suka ambace shi. Wato abin da mai tambaya ya sa a jeri shi mutane kan ɗauka, abin da ya manta kuma sai ya ɓace. Maganin wannan shi ne jerin ya fito daga bakin mambobi. Ki koma wa amsoshi 31 da ke hannunki ki tsinci duk wani horo da aka ambata, ki kira mata goma masu sana'a daban-daban ki ji nasu, sannan ki rubuta jerin da kalmominsu, ki bar "wani abu daban" a ƙarshe da ɗan fili. Haka kuma idon mai karatu a waya ya fi sauka a kan amsoshin sama, saboda haka ki kunna wurin da Google Forms ke cuɗa jerin amsoshi ga kowane mai cikewa. Amma ban da jerin da ke da tsari nasa, kamar ranakun mako ko adadin kuɗi.

Kuɗin wata shi ne wurin da ya fi bukatar hattara. Idan kika rubuta "Kin yarda a ƙara kuɗin wata domin ci gaban ƙungiya?" kin riga kin amsa da kanki, don wace ce za ta ce ba ta son ci gaba? Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da lura cewa mutane sun fi saurin cewa "i" ga duk maganar da aka gabatar musu, kuma inda ake girmama na gaba kamar Sakkwato ina ganin abin ya fi ƙarfi. Ki tambayi adadi kai tsaye: "Nawa za ki iya biya duk wata ba tare da takura ba?" Ki fara jerin da adadin da ake biya yanzu, domin wadda ba ta son ƙari ta samu inda za ta tsaya ba tare da ta ce "a'a" ba. In za ki sa tazara, kada iyakoki su hau juna: wanda ya rubuta 500 zuwa 1,000, sannan 1,000 zuwa 1,500, ya bar mai dubu ɗaya tana rarraba ido. Kada ki nemi suna a wannan fom, kuma ki faɗi haka a layin farko. Kada kuma ki yi wannan tambayar da ƙuri'ar cikin WhatsApp. Ƙuri'ar tana da sauƙi, tana ɗaukar amsoshi har 12, ta kuma dace da zaɓen rana, amma kowa a zauren yana iya ganin abin da kowa ya zaɓa, kuma da zarar shugaba ta latsa nata, sauran za su bi sahu. Idan da wani dalili sai kin karɓi lambar waya, ki bayyana abin da za a yi da ita, domin tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Tambayar da ake barin fili tana da gurbinta, amma guda ɗaya ta isa, a ƙarshe, kuma kada ta zama dole. Ki ƙuntata ta: "Wane abu ɗaya kike so ƙungiya ta gyara kafin ƙarshen shekara?" ya fi "Mene ne ra'ayinki game da ƙungiya?" samun amsa, domin ya ba mutum izinin ambaton gyara ba tare da ya zama mai suka ba. Wadda ta fi son magana, ki ba ta damar turo saƙon murya ga wata amintacciya da ba ta cikin shugabanni.

Sai kalmomi. Wanda ya rubuta "Ɗiya nawa gare ki?" a Sakkwato yana nufin 'ya'ya gaba ɗaya, amma matar da aka auro daga Kano ko Zariya tana iya ƙirga 'ya'ya mata kawai, kuma rubutu ba ya nuna karin sautin da ke raba ma'anonin biyu a baki. Saboda irin wannan, ki ba mata biyar fom ɗin su cike a gabanki, a kan wayoyinsu, ki yi shiru kina kallon inda suka tsaya ko suka ɗago kai. Ki guji tambaya mai fasalin jadawali, mai layuka da ginshiƙai, domin a fuskar ƙaramar waya sai an yi ta ja gefe kafin a ga ƙarshenta. Kada ki kunna sharaɗin cikewa sau ɗaya, tunda yana bukatar shiga da asusun Google, ga shi kuma akwai gidajen da mata biyu ko uku ke amfani da waya ɗaya. Mambobin da ba su da babbar waya kuwa, ki kira su ki cike musu, in ba haka ba ra'ayin masu data kaɗai za ki kai wa shugabanni.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina bincike a kan yadda 'yan kasuwar Sakkwato suka karɓi biyan kuɗi ta taransifa. Abokaina sun ce dole ma'aunin "na yarda, ban yarda ba" ya zama mai mataki biyar, wasu kuma sun ce in cire na tsakiya. Wanne ne daidai?

Daga wani ɗalibi, Mabera

Amsa: Ɗalibi, ma'aunin da kake magana a kai ana jingina shi ga Rensis Likert, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda ya bayyana shi a 1932, kuma mataki biyar ya yi amfani da shi. Ba doka ba ce, akwai masu amfani da bakwai, amma ga ɗan kasuwar da zai amsa yana tsakiyar ciniki biyar ta wadatar. Abin da ya fi yawan matakan muhimmanci shi ne kowane mataki ya samu sunansa da kalmomi. Ma'aunin lambobi na Google Forms bakin farko da na ƙarshe kawai yake bari a sa wa suna, kuma lamba 3 tsirara ba ta nufin abu ɗaya ga mutum biyu, don haka gara ka yi amfani da tambaya mai da'ira ka rubuta matakan biyar da Hausa. Wajen rubutawar ka nisanci "ba laifi" da "da dama-dama", domin wani yabo yake nufi da su, wani kuma ƙorafi ne ya lulluɓe.

Na tsakiya ka bar shi, saboda akwai wanda da gaske taransifa da tsabar kuɗi duk ɗaya ne a wurinsa, kuma tilasta masa ɓangare ƙirƙirar ra'ayi ne. Amma ka ware "ban taɓa amfani da shi ba" a matsayin amsa mai zaman kanta, in ba haka ba wanda bai san abin ba zai fake a tsakiya ya gurɓata maka lissafi.

Ni dai da zan ba ka shawarar da ta wuce abin da ka tambaya, sai in ce ka rage jimlolin neman yarda, ka tambayi abin da mutum ya aikata. "Jiya, cikin masu sayayya goma, kamar nawa ne suka biya ka ta taransifa?" ko "A makon da ya wuce, sau nawa ka riƙe kaya saboda alat bai shigo ba?" tambayoyi ne da mai shago a Tsohuwar Kasuwa zai amsa ba tare da tunanin abin da kake son ji ba. Inda kuma ra'ayi ne dole, ka lura da fi'ilin da ka zaɓa. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1941, an tambayi wasu ko ya kamata a hana jawaban sukar dimokuraɗiyya a bainar jama'a, wasu kuma aka tambaye su ko ya kamata a bari a yi su, sai ya kasance waɗanda suka ƙi a bari sun fi waɗanda suka yarda a hana yawa da tazara babba, alhali maganar ɗaya ce. Idan za ka tambayi 'yan kasuwa game da cajin da masu POS ke karɓa, ka rubuta tambayar iri biyu, ka gwada kowace a kan mutum goma kafin ka kai wa malamin da ke duba aikinka.