Jinkirin tashin kwamfuta mai ram ɗin RDIMM: lalacewa ce ko aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu tsohuwar kwamfutar uwar garke mai furosesar Xeon, na sa mata ram takwas na DDR4 masu rubutun RDIMM. Idan na kunna ta sai fankoki su yi ta ƙugi, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin na tsawon lokaci. Har sau biyu ina kashe ta don tsoro. Ram ɗin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. In dai daga baya tana tashi, kuma tana nuna adadin ram ɗin cif-cif, to lafiyarsa ƙalau. Roƙona gare ka shi ne ka daina kashe ta a wannan gaɓa, domin a cikin duhun nan ne take shimfiɗa duk abin da za ta dogara a kai in ta tashi.

Dubi tsakiyar sandar ram ɗin, za ka ga ɗan cif guda da ya fita daban da 'yan'uwansa. Shi ne rijista, kuma daga sunansa harafin R ya fito. A ram na gama-gari, furosesa ce ke magana kai tsaye da kowane cif, idan suka yi yawa kuwa sai muryarta ta raunana. Rijista ɗan aike ne: ya karɓi umarni da adireshi da bugun agogo, ya ƙarfafa su, sannan ya rarraba. Bayanan kansu ba sa bi ta hannunsa. Da wannan dabara uwar garke ke ɗaukar ram mai ɗimbin yawa. Amma fa dole ɗan aiken ya farka kafin waɗanda zai kai wa saƙo.

Ƙa'idar JEDEC, hukumar da ke tsara ma'aunin ram, ta gindaya yadda wuta za ta shiga. DDR4 na shan wuta iri biyu, volt 1.2 da volt 2.5, kuma ta 2.5 ɗin ba ta zuwa a baya: ko ta riga, ko su taho tare. Tun wutar na kan hawa ana riƙe layin RESET, mai mayar da cif farkon lamari, a ƙasa, kuma bayan ta daidaita a ci gaba da riƙe shi aƙalla maikrosakan 200 (maikrosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). A wannan ɗan tsakani rijista yana danne bakinsa, ba ya barin komai ya wuce. Dalilin a fili yake. Wutar da ke kan hawa cike take da hayaniya, kuma cif ba ya bambance hayaniya da umarni. Idan aka saki RESET, sai a ƙara jiran maikrosakan 500 kafin a ɗaga layin CKE, wanda ke ba cif izinin sauraren agogo. Ana fara saita rijista, sannan ta bakinsa a saita sauran.

Duk wannan bai kai ƙiftawar ido ba. Abin da ke cin lokaci shi ne horo. BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ta karanta ɗan cif ɗin SPD mai ɗauke da bayanan sandar, ta san girman kowace sanda da saurinta, sai ta shiga aika gwaji tana karɓa, tana gyara lokacin isar saƙo a kan kowane layi, domin tsawon wayoyin ba ɗaya ba ne. Bayan haka a bi ram ɗin kaf a rubuta masa lambobin farko da tsarin gyaran kuskure na ECC ke buƙata. Gwargwadon yawan ram, gwargwadon jira. Abin da zai tayar da hankali shi ne ta riƙa kashe kanta tana sake farawa ba iyaka, ko ta nuna ram ƙasa da wanda ka sa. A nan sai ka zare wayar wuta daga soket, ka cire sandunan ram ɗin, ka mayar ɗaya bayan ɗaya bisa jerin ramukan da littafin babban allon kwamfutar ya nuna.

Tambaya: Malam, ko ba na aikin komai, ram ɗin nan da ɗumi nake jin sa. Ba ya hutawa ne?

Amsa: Hutunsa rabi ne. Kowane ɗigon bayani caji ne a cikin mitsitsin kafasita, wato ma'ajiyar caji mai yoyo, shi ya sa a DDR4 ake aika umarnin sake cika shi duk maikrosakan 7.8. Idan zafi ya haura digiri 85, sai a ninka yawan aikawar, wato zafi na jawo ƙarin shan wuta. Ga rijista shi ma da nasa cin. Idan babu aiki, furosesa na sauke CKE, cif ɗin su rufe wasu sassansu. A barci mai nauyi kuwa su ke sabunta cajinsu da kansu, har a iya tsayar da agogo. Leƙa BIOS: in an zaɓi tsarin gudu zalla, sau da yawa an toshe wannan hutu. A ganina, in ba aikinka na lissafin kowane maikrosakan ba ne, bar shi ya huta. Kuma kada ka yar da murfin robar da ke karkata iska kan ram, mutane na raina shi ba gaira ba dalili.

Tambaya: Zan iya haɗa RDIMM da ram na gama-gari a allo ɗaya?

Amsa: A'a, ba za ta tashi ba. Haka nan allon tebur na Core ko Ryzen na yau da kullum ba ya karɓar RDIMM, ko da na DDR4 ya shiga ramin. A DDR5, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2020, an mayar da cif mai sarrafa wuta kan sandar ram kanta. RDIMM na karɓar volt 12, na gama-gari volt 5, kowanne ya sauke zuwa 1.1 da kansa. Saboda haka aka sauya wurin tsagar ƙasan su. In ka ji sanda ta ƙi zama, kada ka danna da ƙarfi, duba rubutun jikinta tukuna.