Amsa kan ko tabar wiwi tana maganin farfaɗiya

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne tabar wiwi tana maganin farfaɗiya, kamar yadda ka ji ana faɗa a Samaru. Maganar tana da tushe, amma an faɗaɗa ta fiye da kima.

Furen macen shukar ne ya fi tara sinadarai, kuma biyu suka fi shahara: THC, wanda yake bugarwa, da CBD, wanda ba ya bugarwa. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wato tataccen CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da suke farawa tun ƙuruciya, kuma likita ne yake auna shi, yana lura da hantar mara lafiya. Wadda ake naɗawa a sha kuwa THC ne ya rinjaya a cikinta, kuma yawan shanta tun samartaka yana ƙara haɗarin taɓin hankali.

A Najeriya haramun ce a doka. Dokar soja ta 1966 har hukuncin kisa ta tanada ga mai nomanta, kafin a sassauta a 1975, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama masu ita har yau. Shawarata, idan yaronku ne yake fama da farfaɗiya, ku kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ya ga likitan ƙwaƙwalwa.