Don Allah kar ku tsayar wa Baba da Part B

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar gidanmu kika leƙa. Kin ce kuɗin Part B (ɓangaren da ke biyan kuɗin ganin likita a Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa tsofaffi) da ake yanke wa Baba kowane wata ya tashi daga dala 185 a 2025 zuwa 202.90 a 2026, shi kuma yana son ya koma gida ya ɗan daɗe, shi ne kike tunanin a tsayar da biyan tunda Medicare ba ta aiki a can. Gaskiya ne ba ta aiki a can. Amma don girman Allah kar ku tsayar.

Mu mun yi. A tsakiyar 2021 mahaifinmu ya ce ya gaji da sanyin Bronx a New York, zai je Kumasi ya zauna cikin 'yan'uwansa. Akwai wani dattijo a masallacinmu, irin mutanen nan da ba abin da ba su sani ba, shi ya zaunar da Baba bayan sallar Isha'i ya ce masa asara ce kawai yake yi, ya soke, in ya dawo ai sake rajista ce ta minti biyar. Har gida ya biyo shi. Da na ce a dakata a yi tambaya, sai ya dube ni ya ce tun ina goye yake ƙasar nan. Na yi shiru don kar a ce ba ni da kunya, kuma har gobe shirun nan yana cin raina.

Baba ya dawo a Yunin 2023, ƙafafu a kumbure, suga ya hau, numfashi da ƙyar. Muka je neman a mayar da shi, aka ce sai Janairu, don daga Janairu zuwa ƙarshen Maris ne ake karɓar waɗanda suka bari, sannan ya fara aiki a wata mai bi. Wata bakwai ke nan ba abin da zai biya kuɗin likita. Ɗaya ɓangaren na Medicare, Part A, yana nan, ya ɗauki kwanciyar asibiti, amma ganin likita da gwaje-gwajen da ake yi a waje duk a wuyanmu. Ba zan manta wani dare a watan Agusta ba. Na dawo daga aiki ƙarfe goma sha ɗaya, na tarar da shi zaune a bakin gado ya kasa kwanciya, na ce mu tafi asibiti, ya riƙe hannuna ya ce a bari sai da safe, ya ga takardun bashin da nake ɓoyewa a bayan firji. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙin tasi yana biyan haraji, shi ne yake roƙona kar in kira motar asibiti. Banɗaki na shiga na kunna famfo don kar ya ji kukana. Shi kuwa dattijon nan da ya zo dubiya, ko a jikinsa, cewa ya yi haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sai kuma tarar da ake ci. Duk wata goma sha biyu cikakku da mutum ya yi babu Part B, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Na Baba kashi 20 ne, wajen dala 35 kowane wata a kan 174.70 na 2024. Mun kusa shekara muna biya kafin wata baiwar Allah a HIICAP, masu ba da shawara kyauta a nan New York, ta tambaye ni nawa ke shigo masa a wata. Ashe ya cancanci Medicare Savings Program, wanda jiha ke biya wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin Part B, tarar ma ta faɗi. Ashe da tun farko muka nema, da ba mu jira Janairu ba. Ki fara da wannan kafin komai, don a New York ba sa duba abin da mutum ya tara a banki, kuɗin shiga kawai suke dubawa. In a wata jiha kuke, ki nemi SHIP, masu irin wannan ba da shawara, shi ma kyauta ne.

Ba ki faɗa ba ko Baba yana kan Advantage ne, wato Medicare ta hannun kamfanin inshora mai zaman kansa. In haka ne ki kula, wanda ya wuce wata shida a wajen yankinsu suna iya cire shi. Ki kuma tono takardar canje-canjen shekara mai zuwa da kamfanin inshorar yake aikowa a Satumba, wadda duk muke jefawa a durowa, ki duba ko likitansa da magungunansa suna ciki har yanzu. Zuwa 7 ga Disamba ne damar canza tsarin inshorar a kowace shekara. Masu kiran waya suna alkawarin katin cefane kuwa, ni kashewa nake yi, kar ki karanta musu lambar katinsa.

Wajen magani kam an samu sauƙi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Insulin ɗin Babanmu ba ya wuce dala 35 a wata, kuma daga 2025 aka sa iyaka ga abin da mutum zai fitar daga aljihunsa a shekara a Part D, ɓangaren magani: dala 2,000 a 2025, 2,100 a 2026. Da wannan ya zo da wuri da 'yan kunnen Mama na zinari suna nan.

Af, in zai tafi, ki tambayi kamfanin ko za su ba shi maganin wata uku a haɗe, kuma a jakar hannu zai saka, ba a akwati ba. Namu akwatin sai da ya yi kwana tara kafin ya iso Akara. Ki gaishe min da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. In kin samo takardar ki turo min hotonta ta akwatin sirri, ki rufe lambarsa, mu duba tare bayan Magariba.